Ciyawar Bakin Raga

Azumin bana ya same mu a tsakiyar zafi, kuma famfon layinmu ya ɗauke kwana tara cur. Duk lungun da ka leƙa a unguwarmu ta Nima jarkoki ne a jere, kowace da tsumma a wuya don kada a rikita layi. Ranar sha biyu ga wata na je Osu karɓar wata takarda, ni da gwiwoyina da ba sa son tsayuwa. Da na fito trotro, wato motar haya, ya ƙi samuwa, sai na bi gindin katangar babban filin ƙwallo ina neman inuwa. Wata ƙaramar ƙofa na buɗe. Na leƙa, irin leƙen tsofaffi ga abin da bai shafe su ba, sai na ga ruwa yana fitowa daga ƙasa yana juyawa shi kaɗai a kan ciyawa kore shar, babu mai riƙe da tiyo, babu mai ɗauke da bokiti.

"Hajiya, babu maci yau o," in ji mai gadin.

"Ba ƙwallo na zo gani ba, ɗana. Ciyawa na zo gani."

Ya dube ni kamar yana tunanin azumi ya fara taɓa ni. Amma yana da tarbiyya, ya kai ni kujerun ƙasa inda inuwa ta sauka, ya ce in zauna, sai dai kada in taka filin don za a kore shi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ko shi ya zo takawa ni zan hana shi. Na zauna a kan kujerar roba mai zafi, iskar teku tana kawo mini ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai shekarar yunwa ta dawo mini gaba ɗaya, ita da ta wuce fiye da shekara arba'in.

Mahaifina, Malam Issaka, lebura ne a wannan fili. Aikinsa yanke ciyawa da adda, da ba ta ruwa, da zuba farar ƙasa a kan layi kafin wasa. Kowane lebura da ɓangarensa, shi nasa bakin ragar da ke wajen teku, wurin da ya fi ko'ina shan taku. Bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. In ya dawo ranar Lahadi samarin gidanmu suka tare shi suna tambayar wa ya ci, sai ya ce, "Sun ɓata mini gaban raga," ya wuce ya ɗauki butarsa.

A waccan shekarar ruwan sama ya ƙi zuwa. Daga arewa labari ke zuwa cewa wuta ta cinye gonaki, kasuwar Nima kuma ta zama fili, tebura a kife. Mahaifiyata, Mma Salamatu, mai sayar da koko ce, sai ga shi gero ya gagara, masara ma sai wane da wane. Mukan bi layin dokunu, tuwon masarar nan da ake dafawa a ganye, tun da hantsi, kuma ba ma jiran ya dahu, ɗanye muke karɓa a ganyensa mu gudu gida mu dafa, don in ka tsaya jiran ya nuna wani ya riga ka. Ƙasusuwan wuyan kowa suka fito, mata suna tsokanar juna wai sun sami sarƙa kyauta. Ina da shekara goma sha tara a lokacin, zanena yana zagaye ni har ya yi saura.

Abin da ya riƙe gidanmu shi ne aikin Baba. Albashin ba wani abu ba ne, amma duk ƙarshen wata ana ba ma'aikata takardar karɓar masara, irin rawayar nan da aka kawo daga waje, mai warin buhu. Da ita Mma take dama kokon da muke sha, ta kuma miƙa wa ɗakuna biyu uku a gidan hayarmu. In takardar nan ta tsaya, tukunyarmu ta tsaya.

To ruwan famfon filin ya ɗauke. Ciyawa ta yi ja, ta koma kamar tsohuwar tabarma, iskar gishiri ta ƙarasa ta. Wata ranar Juma'a Baba ya dawo bai ko nemi buta ba, ya zauna a kan turmi. Ya ce fomen ɗinsu, wato shugaban leburori, ya tara su ya ce an ɗage wasanni, amma akwai babban wasa Lahadin farko bayan ƙaramar Sallah. Duk wanda ɓangarensa yake ƙasa tsirara a ranar, ya ajiye addarsa, tun da ba a biyan mutum ya yanki ƙura.

Kashegari sai ga Baba da amalanken aro, ya turo shi tun daga Osu. A ciki yankakkun ciyawa ne da ƙasarsu, kowane kamar faɗin faifai, waɗanda ya haƙo daga wani lungu bayan katanga inda inuwa ta hana su mutuwa. Ya jera su a tsofaffin kwanuka, da fasassun bahuna, da buhunan siminti da ya yanka, ya cika bayan ɗakinmu da su.

Mma ta fito ta riƙe ƙugu. "Ei, Malam! Mutane suna kawo rogo gida, kai ka kawo ciyawa? Miyan shi za mu yi?"

"Ruwa kaɗan kawai yake so," in ji Baba.

"Ruwa kaɗan! Mu ma ruwa kaɗan muke so, wa ya ba mu?"

Gaskiyarta. A lokacin, kafin mu sami ruwa sai mun tafi har wajen Maamobi, wani famfo da ke ɗiga da asuba, ni da ita, kowa da bokiti ɗaya a ka. Da shi za a sha, a dafa, a yi tsarki. Babu wanda zai ɗebi wannan ruwa ya zuba wa ciyawa, shi kansa Baba bai nema ba. Abin da ya yi shi ne ya je wajen limamin ƙaramin masallacinmu ya tambaya ko akwai laifi a tari ruwan alwala. Liman ya ce ruwan da ya sauka daga gaɓɓai gota yake tafiya, wato magudanar unguwa, in ciyawa ta sha ai ya fi. Daga ranar aka ajiye babban daro a ƙofar masallaci, kowa ya tsuguna a bakinsa ya yi alwala a ciki. Sau biyar a rana Baba ko ni mukan ɗauko daron a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Tsofaffi suka mayar da abin wasa. Wani in ya idar sai ya yarfe hannu a ciki ya ce, "Issaka, ga nawa gudummawa, ka gaya wa gola ya gode mini."

Mata ma suka shigo, ba don ƙwallo ba, don kokon Mma da suke sha. Ruwan wankin masara, ruwan ɗauraye kwano, duk a kawo. Wanka mukan yi a tsaye cikin baho. Sabulu yana kashe ciyawa, amma Allah ya taimaki Baba, sabulun ma babu shi a gari. Mma kuwa ba ta daina mita ba ko rana ɗaya. Tana zuba ruwan tana cewa, "Sha, ɗan gata. Sha, kai ne babban ɗa a gidan nan." A gaban mutane kuwa ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai ciyawar Malam.

Azumi ya kama a watan da ya kamata a ce gotar Nima tana ambaliya. Sama fari fat, ko girgije babu. Sahur garin rogo ne jiƙaƙƙe da ɗan gishiri, buɗa-baki koko tsararo wanda kana ganin ƙasan kofi ta cikinsa. Al'adar aika kwano ɗaki-ɗaki ba ta mutu ba, sai dai kwanon ya koma ƙarami, wani lokaci ƙuli-ƙuli biyu ne a ciki an rufe da faifai don mutunci. Yanzu jikokina suna zaɓen abin da za su buɗe baki da shi, wannan ba ya son ƙosai, wancan sai da ƙanƙara. Ina kallonsu ina dariya.

A cikin wannan fari kaf, abu ɗaya ne kore a unguwarmu, shi ne bayan ɗakinmu. Mutane sukan zo da la'asar su tsaya su kalla kawai, wai yana sanyaya ido. Akwai kuma wadda ta fi kowa kallo, akuyar Hajiya Lariba, mai gidan da muke haya. Akuyar nan ta rame har haƙarƙarinta ana ƙirgawa, takarda take ci da ɓawon dokunu. Tana ɗaure a gindin famfon da ya mutu, fuskarta kullum wajen ciyawa. Aka raba gadi, ni aka ba daga azahar zuwa la'asar, lokacin da mai azumi ya fi kowa mutuwar jiki.

Ranar shida ga wata na jingina da bango, na ce bari in rufe ido kaɗan. Ƙarar tauna ce ta tashe ni. Akuya ta cinye igiyarta ta zo ta hau kan bahuna, ta share fiye da rabi tas, tana lumshe ido don daɗi. Na yi ihu har na ji maƙogwarona ya tsage. Na kore ta, na zauna a ƙasa ina kuka, don ba ciyawa nake gani ba, takardar masara nake gani a bakin akuya.

Gida ya cika. Hajiya Lariba ta fito da carbinta, ita da ba ta taɓa yarda ta yi laifi ba. "To ita ma yunwa yake ji! Kun sa abinci gaban mai yunwa, kun ce kar ya ci?"

Mma ta ce, "Hajiya, in an kori Malam, akuyan nan za mu fara yankawa."

Ana cikin haka Baba ya shigo. Bai dube ni ba, bai dubi kowa ba. Ya durƙusa a gaban bahunan ya tura yatsa cikin ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har ya gama. Ni dai na riga na mutu a tsaye. Can sai ya ɗago yana murmushi.

"Saiwa yana nan," in ji shi. "Aski kawai ya yi mata. Ni ma da ma ina so in rage, ina jin tsoro."

Baho uku ne kawai ta tumɓuke har saiwa. Saura kuwa cikin kwana kaɗan suka tofo, suka fi da kauri. Hajiya Lariba ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma kowace safiya sai ta share kashin akuyar ta kawo a ganye ta ajiye wa Baba ya yi taki, ta ce, "Ga kayanka, ya dawo." Ni kuma aka cire ni daga gadin azahar aka mayar da ni ɗaukar daro, ban yi musu ba.

Ruwa ya sauka ranar goma sha ɗaya ga azumi, muna fitowa daga sallar asuba. Da fari ɗigo ne a kan kwano kamar ana watsa tsakuwa, sai ya ɓarke. Kowa ya fito da abin da yake da shi, tukwane, bokitai, har murfin tukunya. Muna tsaye a cikinsa baki a rufe gam don kada ya karya mana azumi, muna dariya ta hanci. Tsofaffi suna kabbara. Warin gota ya taso, ban taɓa jin daɗin warin nan ba sai ranar.

Baba ya ce yau za a dasa, tun ƙasa na da laushi. Babu mai a gari, trotro sai ka yi sa'a, kuma wane direba zai ɗauki ciyawa ya bar mutane? Amalanken kuma mai shi ya tafi da shi. Mma ta dubi bahunan, ta dubi Baba, ta naɗa gammo. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji ta, ta shiga ƙwanƙwasa ƙofofi. Mata goma sha ɗaya muka fito, har da Hajiya Lariba, wadda ta ɗauki ƙaramin kwano ta ce ita shugaba ce ba ɗan dako ba.

Haka muka bi ta Kanda muka ratsa Ridge, a jere, kowace da ciyawa a ka, ruwan laka yana bin wuyanmu, Baba a gaba da addarsa da buhu a kafaɗa. Ma'aikatan ofis suna tsayawa suna kallonmu. Wata mai sayar da kifi, 'yar Ga, ta ɗaga murya da yarensu ta ce yunwa ta kai mutanen Nima ga cin ciyawa. Mma tana jin Ga kamar ruwa. Ba ta ko juya ba ta amsa mata cewa ciyawar ta mazan Osu ce, su aka aiko mu kai wa. Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya har bahuna suna rawa.

Ban taɓa shiga filin ba sai ranar, ko da yake da albashinsa aka raine ni. Muka bi ta ƙofar leburori, wani dogon lungu mai duhu, sai kawai sarari ya buɗe. Na tsaya cak. Matakalan siminti suna hawa sama ta kowane gefe, babu kowa a kansu, tsuntsayen teku suna yawo, ana jin ruwa yana dukan gaɓa a bayan katanga. A lokacin babu kujerun roba masu launi, siminti ne da katako. Mu da muka saba da lungun da mutum biyu ba sa wucewa tare, sai muka rasa yadda za mu yi da wannan faɗi. Hajiya Lariba ta ce, "Duk wannan wuri, ba a gina ɗaki ko ɗaya ba? Asara!"

Muka durƙusa muka yi dashe har azahar. Baba yana sassara ƙasa, mu muna jera yankakkun kamar masu shimfiɗa tabarma, muna dannawa da tafin hannu. Bai yarda a taka da takalmi ba. Abin da muka kawo bai rufe bakin ragar duka ba, sai ya rarraba shi tsalli-tsalli, ya ce in Allah ya ƙara ruwa za ta yaɗu ta haɗe. Sauran leburorin suka zo suka tsaya, ya yanka wa kowa ɗan abin da zai iya. Muka koma gida a ƙafa, cikinmu yana kuka, muna waƙoƙin biki kamar masu dawowa daga kai amarya.

Ruwan bai yi yawa ba a shekarar, amma ya ɗan ƙara sau uku kafin Sallah. Baba yakan fita tun duhu bai gama washewa ba, ya dawo da yamma. In Mma ta tambaye shi sai ya ce, "Yana ƙoƙari."

Ranar wasa muka sa kayan Sallarmu na bara muka tafi, mu ɗin nan dai da muka yi dako. Ba mu da kuɗin tikiti, amma kowa ya san in ya rage kwata a tashi ana buɗe ƙofofi kyauta. Muka tsaya a rana muna jin filin yana ruri daga ciki. Da aka buɗe muka kutsa da gwiwar hannu har muka kai bayan ragar wajen teku. Na leƙa ta shingen waya. Kore ne. Ba ko'ina ba, akwai ɗan tabo nan da can, amma kore ne. Baba yana tsugune a gefe cikin kakinsa, dubban mutane suna kallon ƙwallo shi yana kallon ƙasa.

Sai golan da ke wannan raga, wani dogo mai manyan takalma, ya fara kartar ƙasa da dunduniya yana jan layi a tsakiyar ragarsa, ciyawa tana tashi. Mma ta ƙwalla ƙara.

"Kai! Kai dogo! Ɗaga ƙafarka! Ka san ruwan da ya sha?"

Hajiya Lariba ta kama, sauran mata suka kama, muna zaginsa da Hausa da Twi da Ga. Magoya bayan ɗaya ƙungiyar suka ɗauka nasu ne mu, suka zagaye mu da ganguna suna tafi, wani ya ɗaura wa Hajiya Lariba ƙyallen ƙungiyarsu a wuya. Ana haka aka yi cincirindo a bakin raga, mutum shida a ƙasa, ƙwallo ta shiga. Fili ya tashi kamar zai tsage. Mu kaɗai muka dafe kai muna salati, muna leƙen abin da suka yi wa wurin.

Da aka tashi jama'a suka watse, Baba ya yafito mu muka shigo ta ƙaramar ƙofa, takalma a hannu. Yana durƙushe yana mayar da ɓallallun wurare yana dannawa, sai ga fomen ya taho, hannu a baya. Muka ja gefe. Ya zagaya bakin ragar sau biyu. Ya sunkuya ya damƙi ciyawa cike da hannu ya fizga da ƙarfi, don haka ake gane wadda aka ɗora jiya don rufe ido: in ba ta kama ba, da ƙasarta za ta taso. Ganyen ya tsinke a hannunsa, ƙasa ba ta motsa ba. Ya matsa gaba ya sake fizga. Haka.

Ya karkaɗe hannu ya ce da 'yar Hausarsa, "Issaka, gobe ka zo da adda. Ya yi dogo."

"Yoo, Masa," in ji Baba, wato to, maigida.

Ya tsaya ƙiƙam har fomen ya shige lungu. Sannan ya zauna daɓas a tsakiyar raga, ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin mahaifina haka ba, ni ma sai hawaye, na farin ciki. Mata suka fara guɗa. Mma ta tako a hankali a kan yatsunta, ta tsaya a kansa, ta share idonta da bakin mayafi, ta miƙa masa hannu.

"Malam, tashi mana," in ji ta. "Kana danne mana ciyawa."